Shin ƙwayar bitamin D tana kare mutum daga ciwon daji da ciwon suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce, shekaruna 48. Na daɗe ina fama da kasala da ciwon jiki, sai aka yi mini gwajin jini aka ce bitamin D ɗina 23 ne, wai ya yi ƙasa. Da na duba intanet na ga ana cewa ƙarancinsa yana jawo ciwon daji, ciwon suga, ciwon zuciya, har da ciwon damuwa. Hankalina ya tashi, don mahaifiyata ciwon suga ne ajalinta. Yau wata uku ke nan ina shan ƙwaya mai IU 10,000 kullum, da kaina na saya. Da gaske zai kare ni daga waɗannan cututtuka? In ci gaba ko in daina?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ke kuma ya ba ki lafiya. Ki daina shan IU 10,000 a kullum (IU shi ne ma'aunin yawan bitamin ɗin da ke cikin ƙwaya). Ya zarce IU 4,000 da masana suka ajiye a matsayin iyakar abin da babba zai riƙa sha kullum ba tare da kulawar likita ba. Kuma manyan gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cewa ƙwayar tana hana ciwon daji ko ciwon zuciya ga wanda ba shi da ƙarancinta na haƙiƙa ba. Sai dai abin da kika karanta ba ƙarya ba ce tsagwaronta, yana da asali, kuma ya kamata ki san asalin don hankalinki ya kwanta.

Jiki da kansa yake haɗa yawancin bitamin D da yake buƙata. Wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ne yake sauka a fata, ya sauya wani sinadari dangin kolestarol ya zama bitamin D. Daga nan hanta ta sarrafa shi zuwa nau'in da ke yawo cikin jini, wanda shi ne aka auna miki aka sami 23. Sannan ƙoda ta ƙarasa shi zuwa nau'in da ke aiki. Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam da fosfet daga abinci. Idan ya yi ƙaranci sosai, ƙashin yaro ba ya yin ƙwari, ƙafafu su lanƙwashe, wuyan hannu ya kumbura, tafiya ta yi jinkiri. Babba kuma ƙashinsa ya yi laushi, ya riƙa jin ciwo a ƙugu da cinyoyi, tashi daga zaune ya zama aiki.

Wannan ɓangare na ƙashi babu gardama a kansa. A 1919 Edward Mellanby a Ingila ya nuna cewa man hantar kifi yana warkar da laushin ƙashi a jikin 'yan kwikwiyo. A shekarar ce kuma Kurt Huldschinsky a Balin ta Jamus ya warkar da yara ta hanyar haska musu fitila mai fitar da irin wancan haske. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya tabbatar da cewa sinadarin da ke wannan aiki daban yake da bitamin A, aka sa masa harafin D. Cutar da ta addabi yaran biranen Turai masu hayaƙin masana'antu ta kusa ɓacewa bayan haka.

Daga baya aka gano cewa ba hanji da ƙashi kaɗai ke da makarɓar wannan bitamin ba, wato gurbin da yake maƙalewa ya yi aiki, akwai ta a ƙwayoyin garkuwar jiki, da jijiyoyin jini, da sassa da dama. Masu bincike suka shiga auna jinin dubban mutane suna bibiyarsu shekara da shekaru, kuma kusan duk inda suka duba abu ɗaya suke gani: masu ƙarancin bitamin D sun fi kamuwa da ciwon zuciya, ciwon suga, ciwon daji na hanji da ciwon damuwa, sun kuma fi saurin mutuwa. Irin waɗannan binciken ne suka cika intanet, su kika karanta.

Matsalarsu ita ce ba sa iya bambance wanda ya haifi wani. Mai furfura ya fi mai baƙin gashi yawan ciwon gwiwa, amma rina gashi ba ya warkar da gwiwa, tsufa ne ya kawo su biyun. Mutumin da ciwo ya fara ci yana rage fita, sai rana ta daina taɓa shi. Mai ƙiba, kitsen jikinsa yana riƙe bitamin ɗin, sai ya ragu a jini, alhali ƙibar da kanta tana jawo suga da hawan jini. Kumburin cikin jiki da ke tare da cututtuka masu daɗewa shi ma yana saukar da ma'aunin. Mai motsa jiki a waje kuwa yana samun rana da lafiyar zuciya a lokaci guda. Sau da yawa ƙarancin alama ce ta rashin lafiya, ba shi ne sanadinta ba.

Masana sun taɓa ƙonewa a irin wannan. An daɗe ana ganin masu yawan sinadarin beta-karotin a jini ba su cika kamuwa da ciwon dajin huhu ba. Da aka gwada ƙwayarsa a kan maza masu shan taba kusan 29,000 a Finlan, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ciwon ƙaruwa ya yi a cikin masu shan ta. Shi ya sa ba a yarda da magani sai an raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan ƙwayar da babu komai a cikinta, ba wanda ya san abin da yake sha, sannan a jira a ga bambanci.

An yi wa bitamin D irin wannan gwaji, kuma manya-manya. Mafi shahara shi ne VITAL a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa JoAnn Manson ta Jami'ar Harvard. Mutum 25,871, maza daga shekara 50, mata daga 55, rabinsu suna shan IU 2,000 kullum har sama da shekara biyar. Sakamakon ya fito a ƙarshen 2018: yawan kamuwa da ciwon daji bai ragu ba, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ma haka. A 2020 aka fitar da ɓangaren ciwon damuwa, babu bambanci. A 2022 aka fitar da na karayar ƙashi, nan ma babu, abin da ya ba likitoci da yawa mamaki. A Niyu Zilan gwajin ViDA mai mutum sama da 5,000 bai ga raguwar ciwon zuciya ba. A Ostireliya gwajin D-Health mai mutum sama da 21,000 bai ga raguwar mace-mace ba. A Mongoliya, inda ƙarancin ya yi yawa ƙwarai, an ba 'yan makaranta kusan 9,000 ko dai bitamin ɗin ko ƙwayar wofi duk mako har shekara uku, kuma bai rage kamuwa da ƙwayar tarin fuka ba. Lokacin korona ma an gwada shi a Birtaniya da Barazil, bai hana kamuwa ba, bai rage kwanakin jinya a asibiti ba.

Adalci shi ne a faɗi inda aka ga wani abu. A cikin VITAL, cututtukan da garkuwar jiki ke afka wa jikin mai ita, irin su wani nau'in amosanin gaɓɓai, sun ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari. An kuma ga alamar raguwar mutuwa ta sanadin ciwon daji, amma ba ta kai ƙarfin da za a kafa hujja da ita ba. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 25 a 2017 ya sami 'yar raguwa a mura da cututtukan numfashi, mafi yawa a cikin masu ƙaranci mai tsanani da ke shan kaɗan-kaɗan kullum ko duk mako. Sannan yawancin mutanen VITAL sun shiga gwajin da isasshen bitamin D a jikinsu, matsakaicinsu ya kai wajen 30. Don haka darasin gwajin shi ne ƙari a kan wadata ba ya ƙara lafiya. Bai ce a ƙyale mai ƙaranci ba. Hujjar haka tana cikin wani gwaji na Faransa na 1992, inda aka ba tsofaffin mata sama da 3,000 mazauna gidajen kula da tsofaffi IU 800 tare da kalsiyam, karayar ƙugu ta ragu sosai, domin su da ma ba sa ganin rana kuma abincinsu bai wadatar ba.

Ciwon suga ne ya fi damunki, don haka bari in tsaya a kansa. Gwajin D2d a Amurka ya ɗauki mutum 2,423 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka ba rabinsu IU 4,000 kullum. A 2019 aka ga raguwar kusan kashi 12 cikin ɗari, wadda ba ta isa a kore cewa dace ne kawai ba. Da aka haɗa shi da wasu gwaje-gwaje biyu a 2023, raguwar ta tsaya wajen kashi 15. Amfani ne, amma ƙarami, kuma ga masu wancan hali kaɗai. Ki kwatanta da babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002: rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki tare da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. A ganina babbar illar da tallan bitamin D ke yi ita ce ɗauke hankalin mutane irinki daga abin da aka tabbatar yana aiki.

Sai batun 23 ɗinki. Ki duba takardar gwajin, domin ma'auni biyu ake amfani da su. Idan nanogiram ne a kowace mililita, to Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka a rahotonta na 2011 ta ce 20 ya wadaci ƙashin kusan kowa, kuma haɗarin gaske yana farawa ne ƙasa da 12. Ƙungiyar likitocin hormon ta Amurka ce a shekarar ta fi son 30, ɗakunan gwaji da yawa suka bi ta, shi ya sa ake ce wa miliyoyin masu lafiya nasu ya yi ƙasa. A 2024 ƙungiyar da kanta ta janye daga wannan adadi, ta kuma ba da shawarar a daina yi wa masu lafiya gwajin haka kawai. Idan kuwa nanomol ne a kowace lita, 23 ƙaranci ne na gaske, bai kai 10 a wancan ma'auni ba, kuma yana buƙatar magani a hannun likita na wani ƙayyadadden lokaci. Masu duhun fata sukan sami adadi ƙasa da na farare, saboda launin fata yana tare wani kaso na hasken, amma duk da haka baƙaƙen fata a Amurka ba su kai farare yawan karayar ƙashi ba. Lamba ɗaya ba ta ba da cikakken labarin ƙashin mutum.

Yawan shan sa kuma yana da nasa haɗari. Bitamin D cikin kitse yake narkewa, jiki yana tara shi, ba ya fita da fitsari kamar bitamin C. In ya taru sai kalsiyam ya hau a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida, ruɗewa, tsakuwar ƙoda, wani lokaci ƙodar ta lalace. A Ostireliya an taɓa ba tsofaffin mata IU 500,000 sau ɗaya a shekara, sakamakon 2010 ya nuna faɗuwa da karaya ƙaruwa suka yi. Wata ukun da kika yi da wuya ya yi miki lahani in ƙodarki lafiya take, amma idan kina jin ɗaya daga waɗancan alamomi, a auna miki kalsiyam da aikin ƙoda ba tare da jinkiri ba. Za ki iya tsayawa kai tsaye, abin da ya taru zai sauka a hankali cikin makonni.

Abin da babba ke buƙata a rana IU 600 ne, bayan shekara 70 kuma 800. Waɗanda ya dace a kula da su musamman su ne jarirai masu shan nono zalla, da ake ba IU 400 a rana, da masu juna biyu, da tsofaffi, da wanda ba ya fita rana ko kusan dukkan fatarsa a rufe take kullum, da masu ciwon ƙoda ko hanta ko ciwon hanjin da ke hana tsotsar abinci, da masu shan wasu magungunan farfaɗiya ko rifamfisin na tarin fuka. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya amfani a nan, gilashi yana tare UVB. A abinci kuwa, kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai da madarar da aka ƙara wa bitamin ne ke ɗauke da shi. Kada kuma a manta da kalsiyam: wani gwaji da aka yi a Najeriya, aka wallafa a 1999, ya nuna yara masu laushin ƙashi sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai.

Kasalarki ce nake so a koma kanta, tunda wata uku na ƙwaya mai ƙarfi haka da ya isa ya gyara ƙaranci in shi ne sanadi. Ki koma wurin likita da takardar gwajin da kwalbar maganin. A duba ƙarancin jini, a duba aikin tayirod, wato gaɓar da ke gaban wuya mai sarrafa kuzarin jiki, a tambayi barcinki da yanayin al'adarki, domin shekarunki na gab da ɗaukewarta ne kuma tana zuwa da irin wannan ciwon jiki. Tunda mahaifiyarki ta yi ciwon suga, ki nemi gwajin sugan azumi ko na HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya. Idan ya nuna ya fara hawa, a nan ne likitanki zai duba ko ya haɗa miki da bitamin D daidai gwargwado, bayan an tsara miki rage nauyi da tafiyar minti 30 sau biyar a mako.