Amsa: Faifai ɗaya ba zai ɗauke maka aikin 4K ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana ɗaukar bukukuwan aure a Jidda, kuma kana tambaya ko hadis (hard disk, wato faifan ajiya na kwamfuta) ɗaya mai 2TB zai ishe ka tace bidiyon 4K, wato bidiyo mai tsananin kyan hoto. Gaskiya ba zai isa ba.

Kyamarar da ke ɗauka a 100Mbps tana cin kusan 45GB a awa guda. Ka lissafa biki ɗaya da kyamara biyu. Ga kuma rashin sauri: hadis mai juyawa da ƙyar yake kai 200MB a daƙiƙa, NVMe kuwa, wato nau'i mai sauri na SSD (faifan ajiya mara juyawa), yana haura 3,000MB. Ni raba kayana na yi a faifai daban-daban. Windows da DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo, suna kan SSD ɗaya, aikin da ke hannu yana kan NVMe, wanda na gama sai ya koma babban hadis, da kwafi na biyu a gidan yayana. Kada wani ya ruɗe ka da RAID, wato haɗa faifai su yi aiki kamar ɗaya, domin abin da ka goge da kuskure ya tafi a duka faifan.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ka sa 32GB, katin hoto (graphics card) mai 8GB. Sannan zafin Jidda ba wasa ba ne, kwamfutata sai da ta dinga mutuwa tsakiyar aiki kafin na gano ƙura ce ta toshe fanka.