Ɗana ya kwashe mini kuɗi a akwatin sa'a na wasan waya: caca ce, kuma laifin wa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce a Gusau. Ɗana mai shekara 14 yana buga wani wasan harbe-harbe a wayata, kuma sai da na je cirar kuɗi wurin mai POS na gano cewa Naira 86,000 sun zurare daga asusuna cikin wata biyu. Da na tsare shi, ya ce dayamon, wato kuɗin cikin wasan, yake saya yana buɗe akwatunan sa'a don ya samu wata riga da bindiga irin na abokansa, ya kuma rantse cewa ba caca ba ce tunda ba kuɗi ake ci ba. Mahaifinsa ya zane shi, ya ce laifina ne da na sakar masa waya. Wani mai gyaran waya kuma ya ce zai dawo mini da kuɗin idan na karanta masa lambar da banki zai turo. Yaron ba ya barcin kirki, ya rame, karatunsa ya ja baya. Caca ce wannan? Kuma wa ke da alhaki?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya mayar miki da alheri, Ya shirya mana zuriya. Kafin komai, kada ki karanta wa mai gyaran wayar nan lambar da banki ya turo, kada kuma ki ba shi BVN ko lambar sirrin katinki. Ba shi da wata hanya ta shiga asusun kamfanin da ke wata ƙasa ya ciro miki kuɗi. Asusun da lambar nan take buɗewa naki ne, kuma abin da ya rage a ciki shi zai tafi.

Sai maganar da yaron ya rantse a kanta, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum ina jin ta, kuma daga bakin manya na fi jin ta: wai tunda ba a cin kuɗi, wasa ne kawai, idan ya girma zai daina. Da wannan magana iyaye suke kwantar da hankalinsu har sai yaro ya kai shekara 17 ko 18 an tsince shi a shagon cacar ƙwallo, sannan a kawo mana shi ana cewa abokai ne suka lalata shi a dare ɗaya. Abin da ke kama mai caca shi ne ɗan lokacin nan tsakanin biyan kuɗi da bayyanar sakamako, lokacin da zuciya take dukan uku-uku, kuma kuɗin da ake ci hanya ce kawai ta samar da wannan yanayi. Akwatin sa'a yana samar da shi ba tare da ya biya yaro ko sisi ba. Ki zauna kusa da shi wata rana ki kalli yadda ake buɗewa: akwatin zai girgiza, haske ya canza launi, kiɗa ya ƙaru, kibiya ta zagaya ta rage gudu daidai kan bindigar da yake so, sannan ta gota kaɗan ta tsaya kan wani tarkacen da yake da irinsa goma. Tun kafin kibiyar ta motsa kwamfutar kamfanin ta riga ta yanke abin da zai samu. An shirya gotawar ne don ya ce saura ƙiris, ya sake biya.

Yara kan ce ai kowane akwati da abin da ake samu, saboda haka babu asara. To, a ce mai shago a kasuwar Gusau ya jera ƙulli ɗari a leda baƙa, kowanne Naira 500, ɗaya da agogo a ciki, sauran da ashana, ya hana a taɓa sai an biya. Babu dattijon da zai kira wannan ciniki don kawai kowa ya tashi da ashana. Malamai su ne masu fatawa, amma duk wanda ya zauna gaban malami ya san aya ta 90 a Suratul Ma'ida da ta haɗa caca da giya, ya kuma san hadisin da Muslim ya ruwaito na hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a san mene ne ba.

Lissafin ma ba ya goyon bayan yaron. Idan damar samun rigar ɗaya ce cikin 100, yaro yana ɗauka cewa in ya buɗe akwati 100 dole ta fito. Gaskiyar ita ce cikin yara 100 da kowannensu ya buɗe akwati 100, kusan 37 za su tashi ba su same ta ba, domin akwatin yau bai san an yi asara jiya ba. Wasu wasannin sun sa ƙa'idar cewa bayan buɗewa kaza dole a ba ka abu mai daraja, kuma wannan ma tarko ne, saboda yaron da ya kai rabin hanya yana ganin tsayawa ita ce asara. Sannan batun cewa ba a cin kuɗi bai cika zama gaskiya ba, domin yara suna sayar wa juna asusun wasa a WhatsApp da Facebook, kuma asusun da ke da kayan da ba kowa ke samu ba ya fi tsada. A shekarar 2018 wasu masu bincike a Ingila, David Zendle da Paul Cairns, sun tambayi dubban masu wasa, suka gano cewa gwargwadon yawan abin da mutum yake kashewa a akwatunan nan, gwargwadon tsananin matsalar caca da ake samu a tare da shi.

Game da alhaki, ina ganin kaso mafi girma yana wuyan kamfanonin da suka ƙera abin, kuma hukumomi a wasu ƙasashe sun faɗi haka a aikace. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi a wasanni irin su FIFA 18 da Overwatch caca ce a dokarta, har kamfanin EA, mai wasan FIFA, ya daina sayar da kuɗin cikin wasan a ƙasar a farkon 2019. Chana ta wajabta bayyana damar cin kowane akwati tun 2017. A Janairun 2025 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin da ke da wasan Genshin Impact ya biya dala miliyan 20, tare da hana shi sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatunan ba da izinin iyaye ba. Ba ko'ina aka yi nasara ba: a Holan an ci EA tara, amma wata babbar kotu a ƙasar ta soke tarar a 2022. Dabarar mayar da Naira dayamon ma da gangan ce, domin yaron da zai yi jinkirin miƙa dubu biyar ba ya jin komai idan dayamon 500 ne suka tafi.

Bayan kamfani sai dillalan unguwa, matasan da ke karɓar tiransifa daga yaro ɗan JS 2 su loda masa dayamon ba tare da sun tambayi inda ya samo kuɗin ba. Sai gwamnati. Zamfara ce jihar farko da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wadda ta fara aiki a Janairun 2000, kuma a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ta taƙaita dokar caca ta tarayya ta 2005 ga Abuja kaɗai. Amma Hisbah shago take iya rufewa, wannan shagon kuwa, wato wayar, yana ƙarƙashin matashin yaro da ƙarfe biyun dare. Uwar da ta ɗauki takardar bayanin asusunta ta shiga ofis-ofis, abin da za ta fi ji shi ne ba nan ba ne, a dawo gobe, kuma ba na ba ki shawarar ki ƙarar da ƙarfinki a can.

Ke da maigidanki kuwa laifinku ƙarami ne, amma ku ne kaɗai hannunku yake kaiwa ga wayar, shi ya sa gyaran ya faɗo kanku ku biyu. Ki gaya wa Baban yaron, cikin ladabi, cewa duka yana koya wa yaro ɓoyewa ne, kuma yaron da ya koyi ɓoye asara shi ne yake fara cin bashi da ɗaukar abin da ba nasa ba don ya cike gurbi. Haka nan masu cewa sammu ne ko shafar aljanu, su karɓi kuɗin hayaƙi da turare, suna ƙara muku wata asarar ce a kan ta farko. Addu'a wajibi ce a kanmu, amma ba ta hana a canza lambar sirri.

Yau ɗin nan ki canza lambar sirrin manhajar bankinki da ta katinki, ki cire katin daga Google Play, ki kunna tsarin da ke neman kalmar sirri kafin kowace sayayya. Idan ta Google Play ko App Store kuɗin suka fita, ki nemi a mayar ta shafinsu da kanki, da wuri, domin jinkiri yana rage damar samu. Idan kuwa tiransifa ya yi wa dillali, sai dai a nemi dillalin ta hannun iyayensa ko mai unguwa. Ku zauna da yaron ku lissafa abin da ya tafi da Naira, a rubuce, ya ga buhun abinci nawa ne, a kuma yanka masa hanyar biyan wani ɓangare da aikin gida ko kuɗin tara na makaranta. Waya ta riƙa kwana a ɗakinki.

Rashin barci da ramar da kika ambata su ne suka sa ba zan tsaya a nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar kamuwa da wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Idan bayan 'yan makonni yana fusata sosai in an karɓe wayar, ko yana aron ta maƙwabta a ɓoye, ko kuɗi sun ci gaba da ɓata a gida, ku kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Idan kuma ya taɓa furta cewa gara ya mutu saboda kunya ko tsoron mahaifinsa, kada ku jira makonnin, ku kai shi a ranar, kuma ku tafi tare da Babansa.