Kafin ki sayi mai mai tsada

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun shigowar hunturu kina shafa man kaɗanya safe da yamma, amma jikinki yana nan furu-furu, dugaduganki sun yi faso, kina tambaya ko ki koma wani mai na kanti.

Ki riƙe kuɗinki tukuna. Na daɗe ina sana'ar man kaɗanya, kuma yawancin masu kawo min wannan kuka, in na bi diddigi, sai in tarar sun goge jiki tas da tawul, sun yi ta hidimarsu, sai can su shafa. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa. Aikinsa ya rufe wanda ke cikinta kada busasshiyar iskar nan ta kwashe shi. Don haka ki shafa da damshin wanka a jikinki, ki murza shi a tafin hannu har ya narke. Basilin ma haka. Gilisarin kuwa kada ki shafa shi tsantsa, ki gauraya da ruwa kaɗan ko da man kaɗanyar.

Sai ruwan wanka. Mun ɗauka in bai yi tiriri ba bai yi ba, alhali ruwan zafi yana wanke maiƙon da fata ke yi da kanta kamar yadda yake wanke kitse a tukunya. Mai ɗumi ya wadatar. Furu-furun nan kuma ba dauɗa ba ce. Ina jin ciwo in na ga uwa tana dirzar yaro da soso har jikinsa ya yi ja, gobe ya tashi yana soshe-soshe. Sabulun salo yana da ƙarfi, a rage shi a wannan lokaci.

Faso: don Allah ban da reza. Da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ki goge kaushin da dutse a hankali, ki cika tsagar da basilin, ki sa safa ki kwanta. Mai ciwon suga dai asibiti za ta kai ƙafarta, domin ƙaramar tsaga tana iya zama gyambo.

In kuma kina shafa man bilicin, ki daina. Da yawansu suna sa fata ta yi siriri, ta riƙa tsagewa ko da me kika bi ta da shi.