Takardar albashi da harajin shekara ba ta yi daidai da asusuna ba

Ɗan'uwa, ka ce jimillar da ke takardar da ofishinku ya ba ka ta fi abin da ya shigo asusunka bara. Dama haka za ta kasance. Adadin da ke sama shi ne albashi kafin a taɓa shi, abin da banki ya nuna maka kuwa ragowa ne.

Jera takardun albashinka na wata 12 ka haɗa da kanka. Fanshonka kashi 8 ne cikin ɗari na ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri, kuma sai an cire shi ake lissafa harajin PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi kafin a biya ka. Kashi 10 da ofishinku ke zubawa a fanshon ba daga aljihunka ya fito ba, kada ka haɗa da shi.

Inda aka fi tuntuɓe: cire haraji daga albashinka daban, tura shi ga hukumar haraji daban. Ofishinku yana da zuwa 31 ga Janairu ya miƙa wa hukumar haraji bayanan shekara. Tunda Kaduna kake zaune, KADIRS, hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna, ce ke karɓar harajinka, ko da hedikwatarku tana Legas. Je da lambar harajinka a duba maka, don in ba a tura ba, takardar shaidar biyan haraji za ta maƙale. In akawun ofis ya kasa warwarewa, nemi akanta mai lasisi.