Ƙungiyoyin Cocin Angilikan: Wacce Zan Shiga, Kuma Wa Ke Kula da Mabukata?

Tambaya: Na tashi a ECWA, inda matar aure ta san Zumuntar Mata kawai. Bana na yi aure a Gombe, maigidana kuma ɗan Angilikan ne. Duk ranar Lahadi sai in ji ana jero sunayen ƙungiyoyi a lokacin sanarwa har kaina ya ɗaure. Mene ne bambancinsu, wacce ta dace da ni, kuma wacce ce ke kula da gwauraye da marayu?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a aurenki. Kafin ki gane ƙungiyoyin, ya kamata ki san yadda gidan da kika shiga yake a tsare. Dayosis ita ce yankin da bishop guda yake kiwo, a ƙarƙashinta akwai gundumomi da akdikin ke lura da su, sannan majami'u ɗai-ɗai da limamansu. An kafa Dayosis ta Bauchi a 1990, cikin dayosis-dayosis na bishara da Akbishop Joseph Adetiloye ya buɗe a Arewa, daga cikinta kuma aka fitar da ta Gombe a 1999, wadda bishop ɗinta na farko, Henry Ndukuba, ya zama shugaban Cocin Angilikan na Najeriya baki ɗaya a 2020. Kusan kowace ƙungiya da kike jin sunanta tana bin wannan tsani ne: tana da reshe a majami'a, da shugabanni a gunduma, da babban taro na dayosis.

An raba ƙungiyoyin ne bisa shekaru da jinsi da matsayin aure, domin kada a sami wanda ba shi da inda za a san da shi. Yara suna da makarantar Lahadi, matasa suna da zumuntarsu da aka fi sani da AYF, iyaye maza ma suna da tasu. Akwai 'yan Birged maza da mata, waɗanda na tabbata kin san su tun a ECWA, domin ba na Angilikan kaɗai ba ne. William Alexander Smith ne ya kafa ta maza a Glasgow a 1883. Sai kuma masu hidima a cikin sujada, wato mawaƙa, da masu tarbar jama'a da karɓar baiko, da masu karatu waɗanda bishop ya ba su lasisin jagorantar sujada da wa'azi a inda babu limami, abin da ƙananan majami'u na ƙauyuka suka dogara da shi ƙwarai.

Inda tambayarki ta fi nauyi shi ne ɓangaren mata, domin a nan ƙungiyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce Mothers' Union, ƙungiyar iyaye mata da Mary Sumner, matar wani limami, ta fara a Ingila a 1876, kuma aikinta shi ne tsare auren Kirista, da renon yara cikin bangaskiya, da tallafa wa iyalan da wahala ta auka musu. A Najeriya ana karɓar macen da aka ɗaura aurenta a coci ne, mace ɗaya ga miji ɗaya. Ta biyu ita ce Women's Guild, wadda ƙofarta ta fi faɗi, domin tana karɓar matan da aka yi musu baftisma ko da aurensu na gargajiya ne. Matar bishop ce shugabar duka biyun a dayosis, matar limami kuma a majami'a. A majami'un da ake sujada da Hausa za ki tarar da Zumuntar Mata ma tana nan da waƙoƙinta da tulunta da kacau-kacau, kuma ba a hana mace ta haɗa ta da ɗaya daga cikin waɗancan.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan rabon yakan jawo kallon raini a wasu wurare, inda mai ɗaure da shuɗin zanen Mothers' Union take ganin ta fi 'yar'uwarta daraja. Ba don haka aka yi shi ba, kuma limamai da yawa sukan shirya ɗaurin aure na haɗin gwiwa domin ma'auratan da suka daɗe tare su sami albarkar coci ba tare da kashe kuɗin biki ba.

Batun gwauraye da marayu kuwa, dayosis takan kafa kwamitin jin ƙai, takan gudanar da makarantu ko wuraren shan magani gwargwadon ƙarfinta, akwai kuma masu hidimar ziyartar asibiti da gidan yari. Amma a ganina, mafi yawan taimakon da ke isa hannun mabukaci ta ƙungiyoyin nan yake bi. Idan aka yi rasuwa, kafin wani kwamiti ya zauna, matan ƙungiya sun riga sun iso da mudun shinkafa da itacen girki, sun ɗora tukunya, ma'ajiya kuma ta buɗe littafinta tana rubuta abin da kowace ta kawo. Su ne suka san gwauruwar da dangin miji suka ƙwace mata gona, su ne suka san yaron da aka koro daga makaranta saboda kuɗi, su ne kuma suke kai maganar gaban limami. Wanda yake zuwa sujada ya fice ba tare da yana cikin wata ƙungiya ba, sau da yawa sai ya yi jinya ya warke ba a ji labari ba.

Duk da haka ina ba ki shawara kada ki rungumi ƙungiyoyi da yawa a lokaci guda, domin kowacce tana da kuɗin wata da anko da ranar taro, kuma nauyin yakan yi wa sabuwar amarya yawa. Idan a coci aka ɗaura aurenki, ki sami matar limaminku da takardar aure da katin baftisma. Baftismar da aka yi miki cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki karɓaɓɓiya ce, ba za a maimaita ba, sai dai za a sa ki ajin koyarwa domin bishop ya ɗora miki hannu na tabbatarwa idan ya kawo ziyara, daga nan kuma a shirya ranar karɓarki cikin ƙungiya.