Sau uku ana sallamar ƙanena, sau uku ciwon yana dawowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena ɗan shekara 27 ne, shekara huɗu ke nan yana fama da taɓin hankali. Idan abin ya motsa sai ya ce ana yi masa magana a kunne, ya daina barci, ya daina wanka. Sau uku muna kwantar da shi a asibiti. Kowane karo garau yake dawowa, har ya koma shagonsa na ɗinki, amma ba a rufa wata uku sai ya ajiye magani. Yanzu Baba ya ce ya gaji, gidan mari za a kai shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ina mafita?
'Yar'uwarki daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ki samu Baba cikin ladabi ki roƙe shi ya jingine maganar mari. Ban ga laifinsa ba, duk wanda ya taɓa kwana a zaune yana gadin ƙofa ya san wannan gajiyar. Amma a shekarun da na yi ina aikin jinya, na wanke gyambon ƙafa da mari ya ci har ƙashi, kuma ban ga wanda ƙarfe ya kashe wa muryoyin da yake ji ba. Ki tuna wa Baba abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari da ke Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, da yawansu a ɗaure.

Kin ce tela ne, kuma nan hankalina ya tsaya. Akwai wani mai aski da muka yi ta fama da shi, ana sallamarsa yana dawowa, muna ta cewa taurin kai ne. Ranar da na zauna da shi a kan benci na tambaye shi dalili, bai ce uffan ba, hannunsa kawai ya miƙo mini. Karkarwa yake yi. Ya ce, "Sista, wa zai ba ni kansa da wannan hannun?" Wasu magungunan ciwon, irin su haloperidol, suna kawo rawar hannu da sandarewar jiki da dalalar miyau. Likita ya rage masa yawan maganin, ya daidaita shi, hannu ya tsaya. Wa ya taɓa tambayar ƙanenki ko zare yana shiga masa allura?

Wannan tambayar a bakin shago ake yin ta, shi ya sa nake ta kiran a fito da jinyar nan daga bayan katangar asibiti. A farkon shekarun 1970, a garin Madison na Amurka, wasu ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa, Leonard Stein da Mary Ann Test da abokan aikinsu, sun gaji da ganin an sallami mutum yau, wata mai zuwa ya dawo. Sai suka fitar da ma'aikata cikin gari. Ayari guda, da likita da nas-nas da jami'an walwala, kowane ma'aikaci ɗaya a kan majinyata kamar goma, su ne ke zuwa gida su kai magani, su raka mutum kasuwa, su sasanta shi da mai gidan haya, kuma ana samun su dare da rana. Kwanciya asibiti ta ragu sosai, ƙasashe da dama suka kwaikwaya.

Kada ki ce abin Turawa ne. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa mai yi masa girki da wanki. Da rana su karɓi magani, da yamma su koma cikin jama'a. Ya ma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Mun riga mutanen Madison farawa, sannan muka yi sakaci, abin yana ci mini rai.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta ambaci kula da majinyata a cikin al'umma. Sai dai likitocin wannan fanni a ƙasar nan ba su kai 300 ba, kuma yawancinsu suna manyan birane. Don haka dole jihohi su horar da nas-nas da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, su ba su babur da magani, su riƙa bin gida-gida kamar yadda aka yi wa shan inna. Idan kun samu ɗan majalisarku, wannan za ku nema.

Kafin nan, ku ne ayarin. Ki raka shi wurin likita da kanki, ki faɗi duk abin da maganin ke yi masa, har da yawan barci da ƙiba. Ki tambaya ko ya dace a mayar da shi kan allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu, don ta ɗauke muku rigimar ƙwaya ta kullum, amma a nemi yardarsa. Ku raba aikin, kada ya zama ke kaɗai: wani ya riƙe ranar asibiti, wani kuɗin magani, wani ya riƙa leƙa shi a shago. Addu'a da ruƙiyya ku ci gaba da su, sharaɗin kawai kada a ce ya bar magani, kada a doke shi. Ki lura ko yana taɓa wiwi ko ƙwaya, don suna tayar da ciwon.

Rashin barci ne yawanci ɗan aiken farko. Idan ya yi kwana biyu ido biyu, ko ya fara magana shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati. Idan kuwa ya ambaci kashe kansa ko cutar da wani, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe wuƙa da almakashi da maganin ɓera, a tafi a lokacin ko da tsakar dare ne.

Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ina so in ji me ya ce da kika tambaye shi maganar hannun.