Ina zan kai ɗalibaina su ga ganuwar yaƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Jega. Na ga a intanet yadda Turawan Amurka suke sake gina tsofaffin sansanonin soja, yara suna zuwa kallo. Shin muna da irin wannan a ƙasar Kabi? Ina so in kai 'yan aji shida.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da Argungu. Gidan Tarihi na Kanta, wanda mutanen gari ke kira Gidan Nabame, fadar sarakunan Kabi ce har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Ba sabon gini aka yi don kwaikwayon na da ba, tsohon ne ake gyarawa. Za su ga masu, takubba, kwari da baka, layu da tambura. Da na kai ɗana, a gaban tambura ya kafe, sai da na ja shi da hannu.

Amma birnin yaƙi na gaske shi ne Surame, wanda Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, ya gina a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya, sarkin Songhai, wajen 1516. Yau yana cikin jihar Sakkwato, ta wajen Binji, kuma kufai ne, babu wanda ya sake gina shi. Ni dai hakan ya fi mini. Ganuwar dutse da laka ce, kana dafa dutsen da mutanen Kanta suka ɗora da hannunsu. Dattijon da ya zagaya da mu ya ba mu labarin da ake gada kaka da kakanni: wai Nufawa sun makara zuwa aikin, Kanta ya hana su ruwa, ya ce da man kaɗe za su kwaɓa ƙasarsu. Ya kuma ce lokacin da Mai na Barno ya kewaye birnin, an jera gawawwaki bisa ganuwa, an tsaga musu baki kamar masu dariya, har Barebari suka zaci dakaru ne ke yi musu ba'a. Na biyun kada ka ba yara da dare!

Tun da sarauta ta koma Birnin Kabi a farkon ƙarni na 18, daji ya cinye wurin. Don haka Surame ba ta 'yan aji shida ba ce tukuna. Ka je kai kaɗai da rani, ka tambayi lafiyar hanya, ka gaida hakimi ya haɗa ka da ɗan rakiya, ka ɗauko musu hotuna.